Shekarar da Ƙafata Ta Daina Jin Ƙaya

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka iya karatu, akwai wata magana da nake so in gyara tun ina da sauran numfashi, don na ga ta fara yin rassa. A bikin da aka yi kwanan baya na ji wata jikata tana ba ƙawayenta labari, wai kakanta yana da asirin masunta, ƙaya ba ta kama shi, wuta ba ta ƙona shi, sai da wani maƙiyi daga Augie ya karya asirin, shi ya sa yake ɗingishi. Ba zan ɓoye muku ba, labarin ya yi mini daɗi, har na gyara zaman hulata. Amma ƙarya ce tsagwaronta. Ba ni da maƙiyi a Augie, in ba wani bawan Allah da na taɓa gaya wa albasarsa ta yi ƙanana ba. Ciwon suga ne ya taɓa mini ƙafa, ni kuma na taya shi da wautata. Ga yadda aka yi.

Kun san gidanmu na Argungu gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi suna a kan abu ɗaya: a shekarunsa na girma yakan taka kurungu ya wuce bai ko waiwaya ba. Ku da aka haifa a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ba ku san kifi ba sai a cikin miya, bari in gaya muku. Kurungu ɗan kifi ne mai ƙaya uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, kuma in ƙayar ta shige ka sai ka kira sunan mahaifiyarka ko da ka yi furfura. To Baba ba ya jin ta. Kowa ya yarda asiri ne, kuma muna yara ya taɓa dama mana wani jiƙo a cikin fura, ni da yayana, baffanku Manu, ya ce mu shanye. Manu ya tashi masunci na gasken gaske. Ni kuwa tun ina ƙarami aka ga ruwa ba ya yi da ni, in na shiga har ƙugu sai in fara salati, don haka aka tura ni boko don kada a yi asara biyu. Na zama malamin gona, na yi shekara talatin da wani abu ina yawo a fadama a kan babur, ina koya wa mutane noman shinkafar da suka fi ni iyawa. A ofis ana ce mini Malam Ummaru, ana tashi a ba ni kujera. A gida kuwa, duk ranar da dangi suka fita su, aikina shi ne in zauna a bakin gaɓa in tsare rigunan mutane. Na yi aure, na haife ku, na je Makka na dawo, amma mai tsaron riguna nake. Ina yin dariya in an faɗa, sai dai abin yana ci mini rai.

Maganar suga kuwa ta girme wannan labari da shekara shida. Na yi ta fama da ƙishirwa da yawan zagawa, har na je asibiti aka ɗebi jinina. Likita ya ce suga ne, ya ba ni ƙwayoyi, ya yi mini dogon bayani a kan ido da ƙoda da ƙafa. Na saurare shi kamar yadda manoma suke saurarena, ina gyaɗa kai ina tunanin abin da aka dafa a gida. Na sha maganin wata guda, na ji garau, na ajiye. Daga nan na ƙirƙiro nawa ilimin. Na ce tunda zaƙi ne ya yi yawa, ai maganinsa ɗaci. Kullum da safe sai in sha jiƙon maɗaci kofi guda, ina yamutsa fuska, sannan in wanke bakina da shayi mai suga cokali huɗu, don a ganina na riga na biya diyya. Da rana malmala uku ta tuwon shinkafa, tunda ni na noma abina. Innarku ta sha yi mini ƙorafin kiyashi sun cika makewayi, suna bin inda na tsuguna. Na ce mata ta riƙa share gida da kyau.

Shekarar da na yi ritaya, da rani, ruwa ya janye daga fadama, aka sa ranar su a wani tafki bayan gari. Muka fita da dangi. Manu ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini ko kallona bai yi ba, don hannunsa ya saba. Ban san abin da ya hau kaina ba a ranar. Na jefar da rigar, na naɗe wando, na karɓi homa, ragar kamun kifi, a hannun wani, na faɗa ruwa har gwiwa. Na yi ta dama taɓo kusan awa guda ban kama ko kwaɗo ba. Na fito ina tafiya a hankali, ina yi wa mutane bayanin cewa ruwan ne ya yi laka da yawa. Sai na ga kowa yana kallon ƙasa. Manu ya ɗaga mini hannu.

"Ummaru, tsaya nan inda kake. Kak ka motsa."

"Mi yah hwaru?"

"Dibi ƙahwakka."

Na duba. Ga kurungu ƙato maƙale a tafin ƙafata ta dama, daidai gindin yatsu, ƙayarsa ta nutse, yana ta gurnani yana kaɗa wutsiya. Ashe tun daga cikin ruwa nake jan sa. Shi ne kifi na farko da na taɓa kamawa a rayuwata, kuma da ƙafa na kama shi. Manu ya durƙusa ya fizge ƙayar, jini ya biyo. Ya ɗago kai yana kallon fuskata.

"Ba ka ji komi ba?"

"Ko ƙuda ban ji ba."

"Allahu akbar! Jama'a, ku taho ku gani! Asirin Baba ya tashi! Ni da nis sha rabin ƙwarya, jiya-jiya ƙaya ta soke ni ga hannu sai da niy yi kuwwa. Ashe ɗan boko yag gaje shi!"

Gaskiyar da ban faɗa ba a wurin ita ce, fiye da shekara guda ke nan ina jin ƙafafuna kamar ba nawa ba. Wani lokaci kamar ina taka auduga, wani lokaci kamar kiyashi na yawo a cikinsu. Na ɗauka tsufa ne. Amma da na ga yayana yana share hawaye, tsofaffin masunta suna miƙo mini hannu bibbiyu, sai na ce a raina ai ga fassarar abin. A ranar aka ɗora ni a gaban tabarma, aka zaɓo mini tsokar giwan ruwa, wani yaro daban aka sa ya kwaso riguna.

Abin nema ya samu. Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa, ni kuma ban yi masa rowar taki ba. Na daina sa takalmi sai in za ni masallaci. Da tsakar rana, lokacin da kwalta take narkewa, sai in tsaya a kanta ƙafa tsirara ina gaisawa da mutane, in tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, har da na kakanni. Na bi ta cikin ƙarangiya da gangan. Wata rana a wurin mai shayi garwashi ya faɗo, na sa ƙafa na murje shi ina ci gaba da hira, mutane suka yi kabbara. Aka fara zuwa daga ƙauyuka ana roƙon in taimaka da maganin. Nakan sunkuyar da kai in ce ba a ba ni izinin bayarwa ba, wanda kuwa gaskiya ne, tunda ban san ko ganyen mene ne ba. Mutum ɗaya ne a duk garin abin bai burge ba, kuma da ita nake kwana ɗaki ɗaya. Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci, na shigo da sallama cikin isa. Innarku tana tankaɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, ina ɗayan takalmin?"

Na duba, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Tun daga ƙofar masallaci ya saɓule, na ratsa kasuwa haka ban sani ba.

"Sha'anin asiri na, ba ki ganewa," na ce mata.

"Awo. Asirin da ba shi hana ka zagawa sau goma, amma shina cin takalmi. Allah shi ƙara bisa."

Duk wannan bidiri da ake yi, ramin da ƙayar ta bari bai rufe ba. Ɗan ƙarami ne, ko ƙwayar gero ta fi shi, sai dai kullum yana tsattsafo da ruwa. Tunda ba ya ciwo, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Manu ya daka wani ganye ya haɗa da man kaɗanya ya cusa. Wurin ya kumbura. Sai ya kirawo wanzami aka yi mini sakiya. Aka sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, aka soka a kumburin, ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan rago, ni kuwa ina cin goro ina ba da labarin farashin taki. Wanzamin ya ce tun da ubansa ya miƙa masa zabira bai taɓa ganin namiji irina ba. Suna ya ƙaru, ƙafa ma ta ƙaru. Yatsan tsakiya ya fara yin duhu, kuma wani wari ya soma bina, irin wanda turare ba ya rufewa. Innarku ta ce mu je asibiti. Na ce mata ba a kai asiri asibiti.

Ke Balkisu, ke kika cece ni ba ki sani ba, da kika haihu a wannan watan. Muka taho Birnin Kebbi suna, kuma ba zai yiwu kakan jariri ya shiga Gesse da ƙafa naɗe da tsumma ba. Duk takalmana sun ƙi shiga. Muka hau keke mai ƙafa uku ni da innarku muka tafi kasuwa, rumfar wani Ibo mai suna Emeka, wanda ya daɗe a garin har Kabancinsa, wato Hausarmu ta Kebbi, ya fi nawa nauyi. Ya ba ni benci, ya durƙusa ya warware tsumman don ya gwada mini. Sai na ga ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da tsumman a hankali, ya ɗauki buta ya wanke hannu.

"Baba, yi haƙuri. Ba ni sai ma takalmi."

"Don mi? An ce ma bara niz zo?"

"Kana da suga?"

"To mi yag gama suga da ƙahwa? Suga ai ciki take."

"Haka babana yac ce. Shi ƙusa yat taka can garinmu, bai ji ba. Yanzu ƙahwatai guda daga gwiwa babu."

Na yi dariya, na ce ai babansa ba jikan masunta ba ne. Bai yi gardama ba. Ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya ce in rufe ido, in na ji ya taɓa ni in yi magana. Na rufe. Na yi ta jira, har na gaji na buɗe, na tarar yana ta tsikarar tafin ƙafata kamar mai neman ƙwaro a rami.

"Ka gani da idonka," na ce da shi. "Asiri na."

"Ba asiri ba na, Baba. Jijiya ta tam mutu. Ka tahi asibiti yau, kak ka bari gobe."

Na tashi a fusace, ina cewa ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ke korar ciniki ba. Na ɗauka magana ta mutu a nan, ban san innarku ta kai miki ita ba. Amma ana gama raɗin suna, tun ba a sauke tukunyar nama ba, na ga an jera mini ke da mijinki da mota a buɗe. Haka aka tafi da ni asibiti da babbar rigata ta suna.

Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Balkisu ba. Ta gwada jini, ta haska idona, ta sa aka ɗebi fitsari, ta taɓa ƙafar da wani siririn zaren roba, daidai yadda Emeka ya yi da tsinke. Da ta ji aikin da na yi, sai ta ajiye biro.

"Baba, in magudanar ban ruwa ta fara toshewa, wace gona ce take fara bushewa?"

"Ta can ƙarshe," na ce, har ina jin daɗin an yi mini tambayar da na sani.

"To ƙafa ita ce gonar ƙarshe. Shekara da shekaru suga yana yawo a jininka, yana cin ƙananan jijiyoyi. Na ji sun mutu, shi ya sa ba ka jin zafi. Na jini sun tsuke, shi ya sa miki ba ya warkewa. Ya fara taɓa idonka na hagu, ƙodarka ma tana gargaɗi. Wannan yatsa ya riga ya mutu. In muka cire shi yanzu, za mu tsira da sauran ƙafar. In ka jinkirta, ruɓar hawa za ta yi."

Na fahimce ta sarai, wannan kada wani ya ce muku ban gane ba. Bayanin da na yi shekaru ina yi wa manoma ne aka juyo mini da shi. Amma na ce sai na yi shawara da babban wana. Ta yi magiya, Balkisu ta yi kuka, na sa hannu a takardar cewa ni na ƙi, na koma Argungu. Manu yana jin labari ya miƙe tsaye.

"Yanka? Ɗan Baba za a yanka kamar albasa? In sunka cire ko hwarce, duk garin ga za a ce asirin gidanmu ƙarya na. Ka bar min ƙahwag ga kwana bakwai."

Kwana goma sha ɗaya na ba shi. Ina so ku san dalili, don shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ba tsoron wuƙa nake ba, mutumin da aka soka wa jan ƙarfe yana cin goro me wuƙa za ta yi masa. Tsoron komawa bakin gaɓa nake. Ina da shekara sittin da biyu kafin yayana ya fara kirana a yi shawara da ni a kan maganar gida. Wata huɗu kacal na yi ina ɗan Baba na sosai, kuma na ga yatsa guda ya yi arha a kan wannan. Haka na zauna ana shafa mini ganye iri-iri, baƙin yana tsallakawa daga yatsa zuwa yatsa, zazzaɓi yana kaɗa ni, abinci ya fita raina. Ƙudaje kuwa sun fi 'yan ƙauye zuwa gaisuwa.

Rana ta goma sha ɗaya da hantsi, ina kwance a tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, Manu yana zaune yana kwaɓa sabon haɗi. Innarku tana gefe tana gyaran kifin miya. Kwana uku ke nan ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Sai ta wanke hannu, ta gyara lulluɓi, ta matso ta durƙusa da ladabi kamar amarya.

"Yaya Manu, ina da tambaya, in ba ka ɗauke ta rashin kunya ba."

"Hwaɗi, Kulu."

"Maganin da Baba yab ba ku, sha kunka yi, ko shahwa muku anka yi ga ƙahwa?"

"Sha munka yi, cikin hura."

"To abin da anka sha, ai jiki duka shika bi ko?"

"Ƙwarai kuwa. Tun daga kai hab babban yatsa."

"Madalla," in ji ta.

Ban ga lokacin da ta buɗe tafin hannunta ba. Ƙayar kurungu ce a ciki, ɗanya shar, ta kuwa caka mini ita a damtse. 'Ya'yana, na yi ihun da ban san ina da shi ba. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, na kira sunan mahaifiyata da ta rasu shekara ashirin, na miƙe tsaye a kan ƙafar da na kwana uku ban taka ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya mutu. Na juyo zan zazzaga mata masifa, sai na ga hawaye na zuba a fuskarta.

"Shekara arba'in ban taɓa ɗaga ma murya ba, Malam, balle hannu. Gwamma ka yi hushi da ni kana da ƙahwa. Ga asirinku nan, kun ji shi da kunnenku."

Na dubi Manu ina jiran ya kare mutuncin gida. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar haɗin da ke gabansa, sannan ya kife ta a ƙasa, ya tashi ya fita. Ba a jima ba ya dawo da mota, shi da kansa ya cicciɓe ni ya sa a ciki.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai warware ƙafar ta ce, "Baba, da ɗaya ne, yanzu uku ne. Da ka ƙara mako guda, da a ƙasan gwiwa za mu yi magana." Aka yi aiki, aka cire uku, na yi kusan wata guda a kwance. Ranar da na farfaɗo na duba bandeji na yi kuka, ba don ciwo ba, don ko a lokacin ban ji komai ba. Na yi kuka ne don na san biyu daga cikin ukun nan ni na bayar da su da hannuna. Tun daga ranar ga ni nan yadda kuka san ni. Tuwo malmala ɗaya, ita ma kamar ta jariri. Shayi lami. Magani safe da yamma, tabarau a hanci, gwajin ƙoda duk bayan 'yan watanni. Ba na sa takalmi sai na kakkaɓe shi, don an taɓa samun murfin kwalba a ciki bayan na yini da shi. Kowace safiya innarku tana ɗaga ƙafata ta duba tsakanin yatsun da suka rage kamar mai zaɓen tsakuwa a shinkafa, kuma ba ta taɓa fasa tambayata ko asirin ya kwana lafiya ba. A Argungu an yi mako biyu ana dariya, daga baya masu ƙaunata suka ƙago maƙiyin Augie don su rufa mini asiri. Na gode musu, amma ku kada ku karɓa. Ciwon nan yana bin jini, kuma jinin nan shi ne a jikinku. Ku je a gwada ku. Duk wanda ya ji ƙafarsa ta daina jin zafi a cikinku, kada ya tsaya jiran kabbara.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, sai yanzu da baffanku ya ba ni izini. Ina kwance a asibiti, kwana biyar da yin aiki, ya zo dubiya bayan la'asar. Ya zauna a bakin gado. Lokacin da Baba ya yi ciwon ajali ni ina can wajen aiki a nesa, sai gawa na tarar, aka ce mini iskokin ruwa ne suka taɓa shi. Ban taɓa tambaya ba. Manu ya share fuska da hularsa.

"Ummaru, ni niy yi jinyar Baba. Ni ka wanke mai ƙahwa safe da marece. Warin ga naka, na san shi. Tun ran da wanzami yaz zo nij ji shi, nig gane."

"To don mi ba ka hwaɗi ba, Yaya?"

"In nic ce naka ciwo na, to na Baba ma ciwo na. Kuma ni nih hana a kai shi asibiti."

Na kama hannunsa, hannun da ya sha igiyar taru har ya yi kanta, muka zauna haka. Can ya sunkuya ya tuɓe takalminsa, ya ɗora ƙafarsa a kan gadona, ya zaro tsinken sakace daga aljihu ya miƙo mini.

"Kwanan ga in ina tahiya, ji nike kamar bisa katihwa. Yi min abin da Ibon nan yay yi ma."

Ya rufe ido gam, ya ɗaga haɓa sama kamar mai jiran aski. Na taɓa babban yatsa da tsinken. Na taɓa tsakiyar tafin. Na danna a dunduniya har tsinken ya lanƙwasa.

"To mi kaka jira?" in ji shi. "Taɓa mana."